Me ya sa hoton kyamarorin tsaro ke daskarewa bayan an koma maltikas?

Tambaya: Muna da kyamarorin tsaro 48 a ginin da nake kula da shi. Kowace tana fitar da kimanin megabit 4 a daƙiƙa, akwai na'urar naɗa guda ɗaya da kwamfutocin kallo 6. An ba mu shawara mu koma maltikas, wato kyamara ta aika kwafin hoto ɗaya duk masu kallo su raba, don a rage wa kyamarorin nauyi. Mun koma, sai abin ya ƙara dagulewa. Hoto yakan yi 'yan mintuna lafiya lau sannan ya daskare, sai an rufe an sake buɗewa. Wani lokaci kuma da mutum ya gifta sai hoton ya yi dabbare-dabbare. Kyamarorin ne ba su da kyau, ko mu koma yadda muke a da?

Amsa: Malam, bar kyamarorin nan su huta tukuna, da wuya a ce laifinsu ne. Kafin ka taɓa komai, ɗauki agogo, buɗe hoton kyamara ɗaya, ka ƙirga lokacin da zai ɗauka kafin ya tsaya. Idan ka samu minti 4 da daƙiƙa 20 ko kusa da haka, ka maimaita sau uku lissafin bai canza ba, to ka kama ɓarawonka tun ba a je ko'ina ba. Sai dai matsaloli biyu ka kawo, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Daskarewa daban, dabbarewa daban.

A tsarin da kuka baro, wato yunikas, duk kwamfutar da ke son kallo sai kyamara ta yi mata nata kwafin. Mutum 6 na kallon kyamarar bakin ƙofa, ga na'urar naɗa ta bakwai, megabit 28 ke nan daga 'yar na'urar da ƙarfinta bai taka kara ya karya ba. A maltikas kwafi ɗaya kyamara take fitarwa, ta jefa shi zuwa adireshin rukuni, ba ta ma san wa ke kallo ba. Rabon ya koma wuyan suwic, wato akwatin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a jikinsa. Nauyin yana nan, kafaɗa kawai aka sauya masa, kuma masu cewa "ku koma maltikas" ba kasafai suke faɗin cewa sai an shirya suwic ɗin kafin ya iya ɗauka ba.

Suwic da ba a shirya ba, idan fakitin maltikas, wato ɗan ƙunshin bayanai, ya iso masa, watsa shi yake yi ta kowace ƙofa, wato kowane ramin da ake jona waya. Lissafa da kanka: 48 sau 4, megabit 192 na kwarara zuwa kowace waya a cikin ginin, har da wayoyin su kansu kyamarorin, waɗanda galibinsu ƙofar megabit 100 gare su. Shi ya sa a irin wannan wuri za ka danna wa kyamara mai juyawa umarni ta yi kamar ba ta ji ba, sai can ta zabura. Maganin wannan shi ne abin da masu sana'ar ke kira sunufin na IGMP, a Hausance laɓe. IGMP ita ce ƙa'idar da kwamfuta ke bi ta ce "a sa ni cikin rukuni kaza" ko "na fita". Suwic sai ya laɓe yana sauraron waɗannan saƙonni, ya rubuta a ransa cewa ƙofa ta 12 na son rukuni kaza, ya daina aika wa sauran.

Ina kyautata zaton kun kunna laɓen, ko kuma suwic ɗinku da shi ya zo a kunne. A nan gizo ke saƙar. Kwamfuta takan sanar da shigarta rukuni ne lokacin da aka buɗe hoto, daga nan sai ta yi gum, ba ta sake magana sai an tambaye ta. Dole a samu wata na'ura a cikin sadarwar da ke yin kiran suna lokaci zuwa lokaci, tana tambayar wa ke nan har yanzu. Ita ake kira kwiriya, ni na fi son in ce mai kiran suna. Bisa ƙa'idar IGMP ta biyu, wadda ta fito a 1997, ana kiran sunan ne duk bayan daƙiƙa 125, a ba kowa daƙiƙa 10 ya amsa, kuma ana yi wa mutum uzuri har kira biyu kafin a goge shi. Sau biyu na 125, ka ƙara 10, daƙiƙa 260. Ga minti 4 da daƙiƙa 20 ɗinka. Idan babu mai kiran suna, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya amsa, wa'adi ya cika, suwic ya share ƙofar daga littafinsa. Wasu suwic ɗin daga nan su toshe hoton, wasu su koma watsa shi ko'ina. Da ka rufe ka sake buɗewa kwamfutar ta sake yin rajista, agogo ya koma farko.

A sadarwar da ke da rauta, wato na'urar da ke haɗa sadarwa da wata sadarwa, mai sarrafa maltikas, ita ke wannan aikin ba tare da an roƙe ta ba. Amma sadarwar kyamarori yawanci a killace take, babu rauta a ciki, don haka sai ka ɗora wa suwic ɗaya aikin da hannunka, a kowane VLAN, wato keɓaɓɓen sashen sadarwa, da hoto ke bi. A na'urorin Cisco, umarnin show ip igmp snooping querier zai nuna maka ko akwai mai kiran suna da kuma adireshinsa. Sauran kamfanoni suna da makamancinsa a shafin saiti. Idan ba ka yarda da abin da suwic ya faɗa ba, jona kwamfuta mai Wireshark, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, rubuta igmp a wurin tacewa, ka zauna minti 5. In ba ka ga tambaya ta gifta zuwa adireshin 224.0.0.1 ba, magana ta ƙare.

Wane suwic za ka ɗora wa aikin? Wannan tambayar mutane ke rainawa, alhali ta fi ta farko cizo. Suwic mai laɓe yana tura duk wani maltikas zuwa ƙofar da ke fuskantar mai kiran suna, ko da mai kallo ko babu. Ke nan duk inda ka ajiye shi, can megabit 192 ɗin za su nufa. Idan kuma na'urori biyu ko uku duk an kunna musu aikin, zaɓe suke yi a tsakaninsu, mai ƙaramin adireshin IP ya ci. Na taɓa zuwa wata masana'anta inda wanda ya ci zaɓen wani ɗan suwic ne mai ƙofa 8 da aka rataya cikin akwati a ɗakin masu gadi, don kawai wanda ya girka shi ya ba shi adireshi mai ƙarewa da 2. Hoton kyamarorin masana'antar gaba ɗaya yana ta tururuwa cikin siririyar waya ɗaya zuwa ɗakin da allo ɗaya tak ake kallo. Fitilunsa ba ƙyaftawa suke yi ba, a kunne suke ɗam. Mun kashe aikin a kansa, muka mayar wa babban suwic na tsakiya, ba mu sayi ko ƙusa ba. Saboda haka ka ba babban suwic ɗinka, wanda na'urar naɗa da kwamfutocin kallo ke rataye a jikinsa, adireshi mafi ƙanƙanta a VLAN ɗin. Ka tabbata kuma adireshi na gaske yake sakawa a tambayoyinsa, domin akwai masu aikawa da 0.0.0.0, kuma sauran suwic ba lallai su ɗauki irin wannan a matsayin jagora ba.

Sai adireshin rukunin kansa. Kowace kyamara, kai kowane kwararo na hoto, a ba shi nasa adireshin da nasa lambar fot, wato lambar da ke bin adireshi tana bambanta kwararo da kwararo. Na sha tarar da kyamarori iri ɗaya da aka bari da adireshin da suka zo da shi daga kamfani, duk suna zuba a rukuni guda, sai ka ga allo yana walƙiya tsakanin hoton farfajiya da na matattakala. Filin maltikas ya fara daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255, kuma masu farawa da 239 su aka ware don amfanin cikin gida. Amma a cikinsu ma akwai ramuka. Lokacin da ake mayar da adireshin rukuni zuwa adireshin MAC, wanda shi suwic ke dubawa wajen tura fakiti, bit 23 na ƙarshe kawai ake ɗauka, 5 su zube, don haka adireshi 32 ke raba MAC ɗaya. Abin da wannan ke haifarwa shi ne 239.0.0.x da 239.128.0.x suna kama da 224.0.0.x a idon suwic da ke duba MAC kaɗai, su kuwa 224.0.0.x doka ce a watsa su ko'ina, laɓe ba ya hana su. Ka guje musu. Ka guji 239.255.255.250 ma, don shi ONVIF, ƙa'idar da kyamarorin tsaro ke bi su yi magana da manhajoji, ke amfani da shi wajen gano kyamarori. Ni nakan ɗauki 239.192, wanda aka keɓe wa ma'aikatu, in ƙarasa da lambar kyamarar: idan adireshinta ya ƙare da 21, babban hotonta 239.192.10.21, ƙaramin kuma 239.192.11.21. Ranar da kake neman matsala da tsakar dare za ka gode wa kanka. Lambar fot ta zama mai rabuwa biyu, domin RTP mai ɗauke da hoton kan ɗauki wannan, RTCP mai ba da rahoto a kansa ta ɗauki ta gaba da ita.

Yanzu dabbarewar hoto. Ruwa ba ya tsami banza, fakiti ne ke zubewa a hanya. A da, mai yiwuwa hotonku ta TCP yake tafiya, wadda idan fakiti ya ɓata takan sake aiko shi ba ka sani ba. Maltikas kuwa a kan UDP yake, abin da ya faɗi ya faɗi. Wayar da ta daɗe tana zubar da fakiti ɗaya cikin dubu ba wanda ya lura, yau asirinta ya tonu.

Za ka ce ai wayarku gigabit ce, megabit 192 me zai yi mata. Wannan "megabit 4" matsakaici ne, hoto ba daidai wa daida yake fitowa ba. Tsarin matse hoto na H.264 da H.265 sukan aiko cikakken firem guda, wanda ake kira firem I, sannan su biyo shi da ƙananan firem masu ɗauke da abin da ya canza kawai. A firem 25 cikin daƙiƙa, matsakaicin firem kilobayit 20 ne, amma cikakken yana iya kai 150. Fakiti sama da 100 ke nan a jere, kyamara ta amayo su da iyakar gudun ƙofarta cikin kimanin milisakan 12. Ɗauka kwamfuta ɗaya na kallon kyamarori 16, aka yi rashin sa'a cikakkun firem ɗinsu suka zo lokaci ɗaya. Gigabit 1.6 na shigowa, gigabit 1 na fita. Rarar da ta taru a wannan ƙiftawar ido ta kai kilobayit 900, kuma dole suwic ya samu inda zai ajiye ta. Ƙananan suwic masu araha rumbunsu gaba ɗaya bai wuce haka da yawa ba, ga shi duk ƙofofi ke rabawa. Rumbu ya cika, ya zubar. Fakiti ɗaya ya ɓace daga cikakken firem, duk ƙananan da suka dogara da shi su gaji ɓarnar, hoton ya yi ta jan dabbare har sai wani cikakken ya iso. Jadawalin da ke nuna maka amfanin waya ba zai taɓa nuna wannan ba, don shi matsakaicin mintuna yake ɗauka. Abin dubawa shi ne ƙidayar fakitin da aka zubar wajen fita, a ƙofar da ke hawa zuwa babban suwic da kuma ƙofofin kwamfutocin kallo. Share ƙidayar, jira awa ɗaya, ka dawo. Idan kuma kuskuren CRC ne ke hawa, wato fakiti na isowa a lalace, wannan waya ce ko kan wayar da ake jonawa, ka sake matsewa ko ka canza.

Gyaran yana farawa daga kyamara, don can ya fi araha. Kada ka bar yawan bit ɗinta sakaka, sa masa iyaka, musamman saboda dare, lokacin da ƙurar hoto ke kumbura shi. Tazarar cikakken firem kuma ka bar ta tsakanin daƙiƙa 1 zuwa 2, wato firem 25 zuwa 50. Na san akwai dabarun matse hoto na zamani da ke tsawaita wannan tazara idan babu motsi, kuma suna rage cin faifai sosai. Don naɗa, madalla. Don kallon kai tsaye ta maltikas ba na son su, domin wanda ya shigo rukuni a tsakiya ba zai ga komai ba sai cikakken firem na gaba ya zo, mai gadi ya danna kyamara ya zauna yana kallon allo toka-toka a daidai lokacin da yake buƙatar gani. Abu na uku, wanda ya fi duka tasiri: allon da aka raba gida 16 ba ya buƙatar babban hoto. Kowane gida 'yar taga ce. Ka sa manhajar kallo ta ɗauki ƙaramin kwararo a nan, sai an faɗaɗa gida ɗaya ta koma babba. Wannan kaɗai yakan sauke nauyin waya da na kwamfutar sau da yawa, kuma wani "daskarewar" da ake ɗora wa sadarwa, kwamfuta ce kawai ta gaji da warware manyan hotuna 16 a lokaci guda.

Ra'ayina a kan naɗa ba ya canzawa: a bar na'urar naɗa a yunikas, ta TCP. Mai karɓa ɗaya ce, babu ribar da maltikas zai kawo mata, kuma hoton da za a nema a matsayin shaida bai kamata ya bi hanyar da ba ta maido abin da ya faɗi ba. Maltikas na masu kallon kai tsaye ne, su ma inda mutane da yawa ke kallon abu ɗaya. Idan ka bincika ka ga kwamfutocinka 6 kowace kyamarorinta daban take kallo, to gaskiya ba abin da kuka ƙaru da shi, komawa yunikas ba abin kunya ba ne. Wasu kyamarorin kuma suna da saitin zuba maltikas kullum ko ba mai nema. Kashe shi, sai dai in manhajarku ta buƙata.

A ɓangaren suwic akwai ƙananan saituna uku da ke yin ɓarna a ɓoye. Na farko shi ne mai hana ambaliya, wanda ke datse maltikas idan ya wuce wani kaso. An yi shi ne don kariya, amma idan an sa iyakarsa ƙasa, cikakken firem ɗinka yake sarewa yana zaton hari ne. Na biyu STP, ƙa'idar da ke hana fakiti yin kewaye tsakanin suwic da suwic: ƙofar da kyamara ko kwamfuta ke ciki a ayyana ta a matsayin ƙofar gefe, in ba haka ba duk kyamarar da ta mutu ta tashi sai a ɗauka fasalin sadarwa ya canza, wasu suwic kuma su koma watsa maltikas ko'ina na ɗan lokaci. Na uku fitar gaggawa. A ƙa'ida idan kwamfuta ta ce ta fita rukuni, suwic yakan jira kamar daƙiƙa 2 ya ji ko akwai wani a bayan ƙofar. Allon da ke juya kyamarori 16 duk bayan daƙiƙa 10 zai riƙa karɓar tsofaffi da sababbi tare a wannan tsakanin. Kunna fitar gaggawa na maganin wannan, amma a ƙofar da na'ura ɗaya ce kawai a bayanta. In ka kunna ta a wayar da ke zuwa wani suwic, mutum ɗaya ya rufe hoto ya kashe wa kowa.

Batun fifiko, wato QoS, zan taƙaita. Idan kyamarori su kaɗai ne a wayar, ba wanda za a fifita a kan wani. Idan suna raba hanya da sauran ayyukan ofis, sa wa hoton alamar DSCP, Cisco kan ba da shawarar CS5 ga hoton tsaro, ka kuma gaya wa suwic ya girmama alamar, don in ba haka ba ado ce kawai.

Ba ka faɗa ba ko akwai Wi-Fi a hanyar. In akwai, nan ne zan fara zargi. Na'urar Wi-Fi takan aika maltikas da mafi ƙarancin gudun da aka yarje mata, wanda ke iya zama megabit 1 a zangon 2.4 GHz ko megabit 6 a zangon 5 GHz, ba ta jiran a ce an karɓa, ba ta sake aikawa. Kyamara biyu sun isa su cinye iskar gaba ɗaya. Ko dai ka kunna saitin da ke juya maltikas ya zama yunikas kafin ya hau iska, ko ka hana shi isa can sam. Masu kallo ta wayar hannu daga waje kuwa, intanet ba ta ɗaukar maltikas, daga sabar za su karɓa ta yunikas.

Idan wata rana kuka raba kyamarori da masu kallo zuwa VLAN daban-daban, laɓe ya daina wadatarwa, sai an kunna PIM, ƙa'idar da ke tsallakar da maltikas daga sashe zuwa sashe, a kan rauta, a kuma ɗaga TTL na kyamara, wato lambar da ke raguwa duk lokacin da fakiti ya tsallaka rauta, ya wuce yawan rautocin da hoton zai tsallaka. TTL na 1 ba ya ƙetare ko guda. In manhajarku da kyamarorin sun san IGMP ta uku, wadda ta zo a 2002, tsarin SSM mai adireshin da ke farawa da 232 ya fi sauƙin riƙo, don kwamfuta na faɗin rukuni da kuma kyamarar da take so daga gare ta, babu buƙatar matattara a tsakiya. A tuna kuma, duk wanda ya jona waya a VLAN ɗin zai iya shiga rukuni ya kalla ba tare da kalmar sirri ba, muddin hoton na gudana kuma ba a lulluɓe shi da SRTP, ƙa'idar da ke sirranta hoto, ba. Ƙofofin da ba a amfani da su a rufe su.

Kwamfutar kallo ma a leƙa ta. Idan tana da katin sadarwa biyu, takan aika rajistar ta katin da ba shi ba, ta zauna jiran hoton da ba zai zo ba. Katangar tsaron Windows na iya tare UDP mai shigowa. A Linux kuwa rumbun karɓa yakan zo da iyakar bayit 212992, kusan girman cikakken firem ɗaya da rabi a misalinmu, kuma netstat -su zai nuna maka idan yana ambaliya, sai ka ɗaga net.core.rmem_max.

Da ni ne a wurinka, gobe da safe agogo da Wireshark zan fara ɗauka, in tabbatar da batun daƙiƙa 260, in ɗora kiran suna a babban suwic, in bar komai yadda yake na yini guda. Kada ka canza abu biyar a tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Washegari sai adireshin rukunoni da mayar da naɗa yunikas, sannan ƙidayar fakitin da aka zubar. Idan kana son gwada wayar ba tare da kyamara ba, manhajar gwajin sadarwa ta iperf2 na iya zuba maltikas na gwaji ta gaya maka nawa ya ɓace, iperf3 kuwa ba ya yi, kada ka ɓata lokacinka da shi. In bayan wannan ƙidayar tana ci gaba da hawa a ƙofar da ke zuwa babban suwic, turo mini samfurin suwic ɗin da girman rumbunsa, mu duba ko waya ta biyu za a ƙara masa ko canza shi za a yi.